Kokichi Mikimoto

Kokichi Mikimoto (25 Janairu 1858 – 21 Satumba 1954) ɗan kasuwa ne ɗan ƙasar Japan, wanda ya mayar da noman lu'ulu'u babbar sana'a. Lu'ulu'u na samuwa ne a cikin kawa, wata dabbar teku mai ɓawo biyu.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Toba, a lardin Mie na yau. Mahaifinsa mai shagon taliyar udon ne. A shekarar 1888 ya fara kiwon kawa a mashigin tekun Ago tare da matarsa, Ume.

Noman lu'ulu'u

Dabararsa ita ce a cusa wani ɗan tsako cikin jikin kawa, ita kuma ta riƙa lulluɓe shi da wani sinadari mai ƙyalli. A ranar 11 ga Yuli 1893 ya samu lu'ulu'unsa na farko, mai siffar rabin ƙwallo. Ya buɗe shago a unguwar Ginza ta Tokiyo a 1899, sannan a Landan a 1913. Hanyar samar da mai cikakken zagaye kuwa, Tatsuhei Mise da Tokichi Nishikawa ne suka gano ta.

Taƙaddama da gwajin eksire

Dillalan Turai sun ce kayansa na jabu ne, saboda yana karya musu farashi kuma ido ba ya iya bambance su da na asali. Shari'ar da aka yi a Faris ta ƙare a 1924 da nasarar ɓangarensa. A 1925 aka kafa ɗakin gwajin lu'ulu'u a Landan, kuma hasken eksire, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, ya zama babbar hanyar tantancewa. A hoton, lu'ulu'un asali yakan nuna zobba a cikin zobba kamar an yanka albasa. Na noma kuwa ana ganin tsakon da aka saka a tsakiya, da siririyar fata kewaye da shi.

Tasiri

Arahar kayan Japan ta taimaka wajen durƙusar da sana'ar masu nutso neman lu'ulu'u a Bahrain da Kuwaiti a shekarun 1930. A 1932 Mikimoto ya ƙone tarin lu'ulu'u marasa inganci a bainar jama'a a birnin Kobe, don kare martabar sana'ar. Ya rasu yana da shekara 96, kuma tsibirin da ya samu lu'ulu'unsa na farko yana ɗauke da sunansa.