Tod Browning: Daraktan da fim ɗaya ya kashe wa kasuwa, ya kuma raya sunansa

A shekarar 1944 mujallar Variety, wadda ke kawo labaran masana'antar finafinan Amurka, ta buga sanarwar mutuwar Tod Browning. Kuskure ne, domin matarsa Alice ce ta rasu. Shi kuwa sai da ya ƙara shekara 18 a duniya, amma a lokacin Hollywood ta riga ta manta da shi, har ba a tantance ko yana raye.

Shekara 13 kafin nan, shi ne daraktan Dracula, fim ɗin da ya buɗe kasuwar finafinan ban tsoro masu sauti a Amurka. Abin da ya jefa shi cikin duhu shi ne fim mai suna Freaks na 1932, wanda har yau masu sharhi ke jayayya a kan ko ya cancanci girman da ake ba shi.

Daga gidan iyaye zuwa cikin kabari

An haifi Charles Albert Browning a ranar 12 ga Yulin 1880 a birnin Louisville na jihar Kentucky. Yana ɗan shekara 16 ya gudu daga gida ya bi ayarin 'yan wasan nishaɗi masu yawo gari-gari suna kafa tanti.

A can ya yi shelar kiran 'yan kallo, ya yi barkwanci, ya kuma yi wani wasa da ake sa shi cikin akwatin gawa a binne shi da rai, yana shaƙar iska ta wani ɓoyayyen bututu, daga baya a tono shi a gaban jama'ar da suka biya kuɗi.

A irin waɗannan tantuna ne ake baje kolin mutanen da aka haifa da wata halitta daban, kamar wadanni da marasa hannu ko ƙafa, ana karɓar kuɗin kallonsu. Browning ya zauna da su, ya ci abinci da su, ya san su a matsayin abokan neman abinci.

A 1913 ya haɗu da fitaccen darakta D. W. Griffith, ya shiga harkar fim. Bayan shekara biyu, yana tuƙi cikin maye, ya afka wa jirgin ƙasa. Ɗan wasa Elmer Booth da ke cikin motar ya mutu, shi kuma ya karye, ya rasa haƙoran gaba. Giya ta ci gaba da bibiyar rayuwarsa bayan wannan.

Tauraronsa ya haska a zamanin finafinai marasa sauti, inda ya yi fim goma da jarumi Lon Chaney, ciki har da The Unholy Three na 1925 da The Unknown na 1927. Chaney ya mutu a 1930, shekarar da ta biyo baya kuma Browning ya fitar da Dracula tare da Bela Lugosi a kamfanin Universal, aka samu kuɗi sosai.

Fim ɗin da ya jawo masa

Ganin wannan riba, Irving Thalberg na kamfanin MGM ya ba shi damar yin wani fim mai tayar da hankali. Browning ya ɗauko wani gajeren labari na Tod Robbins mai suna Spurs ya gina Freaks a kansa.

Labarin wani wada ne mai suna Hans da ya faɗa son Cleopatra, kyakkyawar mace mai wasan lilo da igiya a saman tanti. Da ta ji ya gaji dukiya, sai ta haɗa baki da saurayinta Hercules, ƙaton da ke wasan nuna ƙarfi, ta aure shi da nufin ta riƙa ba shi guba har ya mutu. A wajen walimar auren, abokan Hans suka miƙa mata ƙoƙon sha alamar sun karɓe ta cikinsu, ita kuwa ta watsa musu abin shan, ta ci musu mutunci. Da asirinta ya tonu, suka haɗu suka ɗauki fansa.

Browning bai yi wa lafiyayyun 'yan wasa kwalliyar nakasa ba. Ainihin mutanen tanti ya ɗauko: Harry Earles da 'yar'uwarsa Daisy, wadanni; Daisy da Violet Hilton, tagwayen da aka haifa manne da juna; Johnny Eck, wanda aka haifa ba ƙafafu; da Prince Randian, marar hannu da ƙafa, wanda aka nuna yana kyasta ashana da baki yana kunna taba.

Tun ana ɗaukar fim ɗin ma'aikatan MGM suka yi ƙorafin cin abinci wuri ɗaya da su, aka ware wa yawancinsu wani wuri a waje. Da aka yi gwajin nuna shi a farkon 1932, wasu 'yan kallo suka fice a guje. Kamfanin ya datse shi daga kusan minti 90 zuwa 64, kuma abin da aka yanke ya ɓace har yau. Duk da haka an yi asarar kimanin dala 164,000, Birtaniya kuma ta haramta shi har zuwa 1963.

Browning ya ƙara yin finafinai kaɗan, na ƙarshe shi ne Miracles for Sale a 1939. Daga nan ya koma gidansa a Malibu ya rufe ƙofa. Cutar dajin maƙogwaro ta ɗauke masa murya, ya mutu ranar 6 ga Oktoban 1962, makonni kaɗan bayan an sake nuna Freaks a bikin finafinai na Venice da ke Italiya.

Ya cancanci wannan suna?

Daga shekarun 1960 matasa a Turai da Amurka suka rungumi fim ɗin, ana nuna shi a sinimomi da tsakar dare. A 1994 Ɗakin Karatun Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin finafinan da ake adanawa a matsayin kayan tarihin ƙasa.

Masu yabonsa na cewa mafi yawan fim ɗin rayuwar yau da kullum ce. Ana soyayya, ana kishi, ana shanya wanki, ana taruwa barka idan an yi haihuwa. Azzaluman labarin kuwa su ne masu kyan sura da cikar halitta. A zamanin da ake biyan kuɗi don kallon nakasassu kamar namun daji, nuna su da zuciya da mutunci ba ƙaramin abu ba ne.

Masu suka kuma suna da hujja mai ƙarfi. A ƙarshen fim ɗin, an nuna su cikin dare da ruwan sama suna jan ciki a taɓo, wuƙaƙe a hannu, suna bin Cleopatra. A nan jikinsu ne aka mayar abin tsoratarwa, wato abin da fim ɗin ya shafe kusan awa guda yana yaƙa. Hukuncin da suka yi mata shi ne nakasa ta har ta zama abar kallo a tanti, kamar dai nakasa ita ce mafi munin azaba. Sunan fim ɗin kansa kalmar cin fuska ce. Olga Roderick, mace mai gemu da ta fito a ciki, daga baya ta yi nadamar shigarta, tana ganin an wulaƙanta irinsu. Akwai kuma raunin wasan wasu daga cikin 'yan fim ɗin, da tsalle-tsallen labari da almakashin MGM ya haddasa.

Wanda ya zauna kallon Freaks don ya razana kamar yadda finafinan ban tsoro na yanzu ke yi, zai tashi yana cewa an zuzuta shi. Ba aljani a ciki, ba fatalwa, jini ma kusan babu. Ƙarfinsa yana wajen walimar nan, inda mai kallo ke tsintar kansa yana tambayar ko shi zai karɓi ƙoƙon ya sha. Fim ɗin da ya haura shekara 90 yana sa mutum wannan tambaya ya ci sunansa, ko da ƙarshensa ya ci amanar farkonsa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne makomar waɗanda suka ba fim ɗin fuskokinsu. Tagwayen Hilton sun ƙare suna aiki a wani kantin kayan abinci a birnin Charlotte na jihar North Carolina, inda aka tsinci gawarsu a gida a watan Janairun 1969, daidai lokacin da ake cika sinimomi don kallon su.