John Garand: baƙon da bindigarsa ta kayar da kishiyoyinta

Cikin waɗanda neman abinci ya kawo New York kamar mu, akwai wanda nake so mu tuna: John Garand. An haife shi a Kanada a 1888. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya yana aikin ƙira a birnin nan, nan kuma ya zana bindigarsa ta farko. A 1919 gwamnati ta kai shi masana'antar makamai ta Springfield.

Bindigarsa M1 ta kara da ta John Pedersen, wadda sai an shafa wa harsashinta kaki kafin ta yi aiki. Rundunar sojan Amurka ta zaɓi M1 a 1936. Daga baya ta Melvin Johnson ta fito, tana cin harsashi 10, M1 kuwa 8, amma ba ta iya ture ta ba.

M1 fa tana da nata aibin: nauyinta ya haura kilo 4, ga datse babban yatsan wanda ya yi sake wajen ɗura harsashi. A ganina soja zai jure nauyi, amma ba zai yafe wa bindigar da ta ƙi tashi ba.

An ƙera fiye da miliyan 5, Garand bai karɓi ko sisi a kan kowace ɗaya ba, sai albashinsa. Ya rasu a 1974.