Fanny Crosby, Makauniya Mai-Godiya

A wani ƙaramin ƙauye cikin ƙasar New York ta Amurka aka haifi Fanny Crosby, ran 24 ga watan Maris, shekara ta 1820. Iyayenta talakawa ne masu-tsoron Allah. Tana da mako 6 a duniya ciwon ido ya kama ta. Bisa ga labarin da ita kanta ta bayar, likitan garin ba ya nan, sai aka kira wani mutum dabam, ya ɗora mata magani mai-zafi a idanu. Kumburi ya saɓe, amma gani ya tafi ke nan. Kafin ta cika shekara guda ubanta ya rasu, uwarta kuwa ta shiga aikatau a gidan waɗansu domin ta ciyad da ita. Da ta kai shekara 5 maƙwabta suka tara kuɗi, aka kai ta birnin New York wurin wani babban likita, Valentine Mott. Ya duba, ya ce babu magani.

In da akwai mahaluki wanda za a ce yana da dalilin gunaguni, lalle wannan yarinya ce, gama ga makanta, ga maraici, ga rashi. Amma Ubangiji ya bar mata kaka, sunanta Eunice, wadda ta zama mata idanu. Ta kan kai ta cikin saura, ta sa mata ganye da furanni a hannu, ta gaya mata sunan kowane tsuntsu da ya yi kuka, kana ta karanta mata Littafi Mai-Tsarki. Da haka yarinya ta saba lissafta abin da Allah ya bar mata, har abin da ya ɗauke ya daina cika mata zuciya. Tana shekara 8 ta tsara waƙa, a ciki kuwa ta ɗauki alkawari za ta zauna da wadar zuci duk da makanta. Wannan alkawari ta riƙe har tsufa. Mutumin nan da ya sa mata magani kuma, ba ta riƙe shi a zuciya ba.

Tun da ba ta iya duba takarda, sai ta mai da zuciyarta rumbu. Wata mace mai-ibada da suka zauna a gidanta ta riƙa sa ta haddace surori kowane mako, har ta riƙe Linjila huɗu da ka, da littattafan Musa biyar, da Misalai, da Zabura masu-yawa. A shekara ta 1835 ta shiga makarantar makafi ta birnin New York, daga baya ta zama malama a can. Sa'ad da annobar amai da gudawa ta faɗa wa birnin a 1849, mutane da yawa suka gudu, ita kuwa ta tsaya tana jiyyar yara. Ganin mutuwa kusa haka ya sa ta bincika ranta, a watan Nuwamba na 1850 kuwa ta ba da kanta ɗungum ga Yesu Kristi.

Kada wani ya zaci godiya ta tsare ta daga baƙin ciki. A 1858 ta auri Alexander van Alstyne, makaho ne shi ma, gwanin kiɗa. A 1859 suka sami haihuwa, abin da aka haifa kuwa ya koma tun yana jariri. Ba ta ƙara haihuwa ba, kuma da ƙyar ta kan ta da zancen. Ta ji zafinsa kamar kowace uwa, duk da haka ba ta bar yabon Mai-bayarwa ba.

A shekara ta 1864 ta soma tsara waƙoƙin sujada, ta yi ta yi har suka wuce 8,000. Da dare ta kan tsara su cikin zuciyarta, ta riƙe su da ka, da safe ta faɗa wani ya rubuta. Masu-wa'azi Moody da Sankey suka kai su ko'ina cikin Amurka da Ingila, aka juya su cikin harsuna da yawa. Masu-buga littafi suka sayad da dubbai a kan dubbai, ita kuwa abin da a kan biya ta bai cika wuce dala 2 a kan kowace waƙa ba. A nan ne wadar zucinta ta bayyana a fili. Ta san manyan ƙasar, har Grover Cleveland, wanda ya yi aikin akawu a makarantar makafi yana rubuta mata waƙoƙinta, daga baya ya zama shugaban Amurka. Amma ta zauna a ɗakin haya kusa da unguwannin matalauta, ta ci abin da ya ishe ta, saura ta bayar. Ta kan tafi gidajen wa'azi inda mashaya da marasa-wurin kwana su ke taruwa, ta zauna kusa da su, ta yi musu magana da taushi, ta yi addu'a tare da su. Ta rasu a garin Bridgeport ran 12 ga Fabrairu, 1915, saura kaɗan ta cika shekara 95.

Ya kai mai-karatu, ga abin koyo. Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa zuwa ga Filibiyawa sura 4, ya nuna wadar zuci aba ce da a ke koyo, yana kurkuku kuwa ya rubuta haka. Ba a haifi kowa da ita ba. Har wa yau wadar zuci dabam ta ke da ragwanci: wannan mace ba ta naɗe hannu ta ce haka Allah ya so ba, ta ɗauki kunne da tunani da murya waɗanda aka bar mata, ta yi wa Ubangiji aiki da su. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Mu fa, da mu ke da idanu biyu, sau nawa mu kan dubi rigar maƙwabci mu rena tamu? Wani ya kan ci bashi domin biki, ya kwana da ciwon zuciya shekara guda, gama kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Wani kuma ruwa ya yi jinkiri mako ɗaya, sai ya manta da hatsin bara da ke cikin rumbu. Ka tuna da kutaren nan goma na Luka sura 17: dukansu aka warkar, ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya.

Saboda haka ka soma yau. Kafin ka roƙi kome da safe, ka ambaci abin da ka riga ka karɓa. Ka yi godiya a kan tuwo gaban 'ya'yanka, ko da miyar ba nama, domin su koya daga bakinka. In abin hannunka ya wuce bukata, ka nemi gwauruwa ko makaho na unguwarku ka raba da shi. Allah ya ba mu zuciya mai-godiya, ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.