Ɗan Hausa

Mutumin nan da ake kira Ɗan Hausa ba Bahaushe ba ne. Bature ne, ainihin sunansa Hanns Vischer. An haife shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan cikin shekarar 1876. Aikin mishan ya fara kawo shi Nijeriya, daga baya ya shiga aikin Gwamnati a Barno. A 1906 ya biyo ayari ya ƙetaro Sahara, tun daga Tarabulus har Kukawa.

A 1909 ya buɗe makarantar boko ta Gwamnati ta farko a Arewa, a Nasarawa, bayan ganuwar Kano. Shi ne shugabanta. A zamanin nan mutane suna gudun boko ƙwarai, don tsoron kada a raba 'ya'yansu da addininsu. Shi kuwa bai taɓa addinin kowa ba, kuma da Hausa ya sa a riƙa koyarwa, gama ya iya ta sosai. Wannan dabara ita ta kwantar da hankalin iyaye. Malamai suka fara zuwa, sa'an nan 'ya'yan sarakuna. Ban da karatu da lissafi, har ƙira da dukanci da sassaƙa ana koya.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi, sai ya yi sallama da almajiransa, ya tafi aikin soja. Ya rasu a Ingila cikin 1945. Gidan ƙasar da ya zauna a Nasarawa yana nan, Kanawa suna ce masa Gidan Ɗan Hausa.