Alice Hamilton

Alice Hamilton (27 ga Fabrairu, 1869 – 22 ga Satumba, 1970) likita ce 'yar Amurka da ta shahara wajen binciken gubar da ma'aikata ke haɗuwa da ita a masana'antu, musamman gubar dalma. Bincikenta ya sa hukumomin ƙasarta suka fara ɗaukar lamarin a matsayin matsalar lafiyar al'umma.

Farkon rayuwa da karatu

An haife ta a birnin New York, ta girma a Fort Wayne ta jihar Indiana. Ta kammala karatun likitanci a Jami'ar Michigan a 1893. A 1897 ta koma zama a Hull House, wani gidan taimakon talakawa a Chicago, inda ta ga irin cututtukan da leburori ke kwasowa a wuraren aiki.

Aiki

A 1910 gwamnatin jihar Illinois ta ɗora ta a kan binciken cututtukan wuraren aiki. Ta riƙa shiga masana'antu, tana duba takardun asibitoci, tana kuma bin marasa lafiya har gidajensu. Rahoton ya gano sana'o'i fiye da 70 da ake ta'ammali da dalma a cikinsu, kuma a 1911 jihar ta kafa dokar kare ma'aikata. Hamilton ta nuna cewa shaƙar ƙura da hayaƙin dalma ita ce babbar hanyar da gubar ke shiga jiki. Daga nan gwamnatin tarayya ta ba ta irin wannan aiki a faɗin ƙasar.

A 1919 ta zama mace ta farko da ta koyar a Jami'ar Harvard. A 1925 ta yi gargaɗi kan zuba dalma a man fetur, amma aka ci gaba da sayar da shi. Sai a 2021 aka daina sayar wa motoci irin wannan mai a duniya baki ɗaya.

Rasuwa da tasiri

Ta rasu a Hadlyme, jihar Connecticut, tana da shekara 101. Bayan wata uku Amurka ta kafa dokar lafiya da tsaron ma'aikata.

Haɗarin ƙurar dalma da ta bayyana ya faru a Arewacin Najeriya a 2010, lokacin da yara aƙalla 400 suka mutu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, sakamakon niƙa duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje.