Sarki Kokaku na Japan: sarkin da ya roƙa wa talakawa shinkafa

Yau za mu leƙa ƙasar Japan, mu ji tarihin Kokaku, sarki na 119 a jerin sarakunan wannan ƙasa, wanda ya yi zamani daga 1771 zuwa 1840.

A wancan lokaci sarautar Japan suna ce kawai. Sarki na zaune a fadarsa ta birnin Kiyoto, amma mulki da soja da baitulmali duk suna hannun babban sarkin yaƙi da ake kira shogun, na gidan Tokugawa, a birnin Edo, wato Tokiyo ta yau. Tun 1615 gidan Tokugawa ya kafa doka cewa babban aikin sarki shi ne neman ilimi. Ko abin da fada ke ci, shogun ne ke yanka mata.

Ba wanda ya yi zaton Kokaku zai hau karaga. Mahaifinsa, Yarima Sukehito, daga wani reshe ne na gidan sarauta, mahaifiyarsa kuwa ɗiyar wani likita ce. An ma shirya kai yaron gidan ibadar addinin Buda ya ƙare rayuwarsa a can. Sai ga shi a 1779 sarki Go-Momozono ya rasu da ƙuruciyarsa, bai bar ɗa namiji ba sai jaririya guda. Manyan fada suka ɗauko yaron suka naɗa shi yana ɗan shekara 8. Daga baya, a 1794, ya auri wannan ɗiya ta marigayin.

Bai daɗe bisa karaga ba yunwa ta faɗo wa ƙasar. Daga 1782 sanyi ya yi ta lalata amfanin gona, a 1783 kuma dutsen Asama ya yi aman wuta, toka ta rufe gonaki. Dubun dubatar mutane suka mutu, musamman a arewacin ƙasar. Shinkafa, wadda ita ce cimakar jama'a, ta yi tsadar da talaka ba ya iya kusantar ta. A 1787 mutanen Osaka da na Edo suka fusata, suka dinga fasa shagunan manyan dillalan shinkafa da ake zargi da ɓoye kaya don farashi ya ƙara hawa.

Mutanen Kiyoto su kuwa wata hanya suka bi. Sun kai kuka wajen wakilan shogun ba a share musu hawaye ba, sai suka nufi fadar sarki. Suka riƙa kewaya katangar fada, in sun iso ƙofa su jefa ƴan kuɗi su yi roƙo, kamar yadda suke yi a wuraren ibadarsu. Da mutane kaɗan aka soma, amma cikin ƴan kwanaki taron ya kai kimanin mutum 70,000 a rana guda. Masu talla ma suka kafa kasuwa a wurin. Tsohuwar sarauniya Go-Sakuramachi ta sa aka raba wa jama'a tuffa 30,000.

Kokaku na da shekara 15 a lokacin, ba shi da rumbu, ba shi da soja. Abin da ya yi shi ne aika wa gwamnatin Edo saƙo cewa a agaza wa talakawa. Abin kamar ƙarami, amma tun kafuwar mulkin Tokugawa fada ba ta saba sa baki cikin harkar mulki ba, kuma hakan na iya jawo hukunci. Gwamnati ta fitar wa Kiyoto shinkafa koku 1,500. Koku ɗaya kusan kilo 150 ne, ke nan wajen buhu 4,500 mai kilo 50. Ga babban birni wannan bai taka kara ya karya ba. Sai dai daga ranar jama'a suka gane akwai wata ƙofa da ake jin kukansu.

A 1788 gobara ta cinye mafi yawan birnin Kiyoto har da fada. Kokaku ya dage sai an sake gina ta irin ta kakanninsa na dā, duk da cewa Matsudaira Sadanobu, babban wazirin shogun, yana ta tsuke bakin aljihu. Sarki ya yi nasara, ya shiga sabuwar fada a 1790.

A wata rigimar kuwa bai ji da daɗi ba. Bisa dokar 1615, mahaifinsa na zama ƙasa da manyan ministocin fada, abin da ke ci wa Kokaku rai. Ya nemi a ba tsohon laƙabin sarki mai murabus. Sadanobu ya ƙi, tunda Sukehito bai taɓa yin sarauta ba, har a 1793 aka hukunta fadawan da suka tsaya wa sarki. Uban ya rasu a 1794 ba tare da laƙabin ba. Sai a 1884 aka ba shi, shekara 90 bayan rasuwarsa.

Kokaku ya yi murabus a 1817 ya bar wa ɗansa Ninko, ya rasu a 1840. Bayansa babu sarkin Japan da ya sake sauka da ransa sai Akihito a 2019. Martabar da ya maido wa fada ba ta faɗi ƙasa banza ba: a 1868 mulkin shogun ya rushe, iko ya koma da sunan sarki Meiji, wanda jikan Ninko ne. Sarki Naruhito da ke kan karaga tun 2019 shi ma daga tsatson Kokaku ya fito.

Ƴan uwa ƴan kasuwa maza da mata, a shekarar da cimaka ta yi wuya, shagunan masu ɓoye kaya aka fasa, shi kuwa yaron da ba shi da ko tiya guda ta rabawa, don ya buɗe baki ya yi wa mayunwata magana, har yau ana tuna shi. Sai mun sake saduwa.