Booker T. Washington: Yaron Da Ya Ci Jarrabawa Da Tsintsiya

An haifi Booker T. Washington a 1856 a jihar Bajiniya ta ƙasar Amurka. Uwarsa baiwa ce, saboda haka shi ma cikin bauta ya tashi. Da aka 'yanta bayi a 1865, sai suka ƙaura zuwa wani gari wai shi Malden. Can ya yi ta aikin gishiri da haƙar kwal, karatu kuwa sai ɗan abin da ya tsinta.

Wata rana cikin ramin kwal ya ji waɗansu mutum biyu suna zancen makarantar Hampton, inda ake horon baƙar fata su zama malamai. Ya ƙudura a ransa sai ya je. Kafin ya tashi ya yi barantaka a gidan wata mata mai suna Viola Ruffner, wadda ba ta yarda da aikin ganin ido ko kaɗan. A hannunta ya koyi shara da goge-goge har ya gwanance.

A 1872 ya kama hanya, tafiyar wajen mil 500. Guzurinsa ya ƙare a birnin Richmond, ya riƙa kwana a waje, yana dako a bakin jirgin ruwa. Ya isa Hampton da rabin dala kaɗai, tufafinsa duk dauɗa. Shugabar malamai, Mary Mackie, ta dube shi ta yi shakkar karɓarsa. Can sai ta ce ya share wani ɗakin karatu. Ai kuwa zuciyarsa ba ta karaya ba, gama wannan aiki ne da ya san ya iya. Ya share ɗakin sau 3, ya goge ƙura sau 4. Ta bi da farin hankici ba ta sami ƙura ba, nan take ta karɓe shi. Ya zama mai sharar makaranta, da haka ya biya kuɗin abincinsa, har ya gama a 1875 da yabo.

A 1881 aka ɗora masa buɗe makarantar horon malamai a Tuskegee, cikin jihar Alabama. Ya fara da ɗalibai 30 cikin wata tsohuwar bukka kusa da majami'a. Da ya rasu a 1915, makarantar tana da ɗalibai wajen 1,500.

To, 'yan'uwana ɗalibai, da yawa cikinmu kan karaya tun kafin jarrabawa ko gwajin koyarwa, don sun fito daga ƙauye ko Turancinsu bai nuna ba. Ku lura, yarda da kai irin ta Washington ba cika baki ba ce. Daga ƙaramin aikin da ya ƙware a kai ta samo tushe. Wanda ya shirya darasi ɗaya sosai, ya ga yara sun gane, gobe ba zai yi rawar jiki gaban allo ba. Da yayyafi kogi kan cika.